Kashi Biyu Nasa, Ɗaya Nawa

Kunnena na hagu ba ya ji. Duk mai yi mini magana sai ya zagayo ta dama, in kuma aka tambaye ni dalili nakan ce ciwon kunne ne na ƙuruciya. Ƙarya nake yi. Tafin mijina ne ya kashe shi, ran da na dawo daga awon ciki da farar robar magani ƙulle a bakin zanena.

Ni mutuniyar Badagishiri ce, ɗiyar masu lambun albasa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, daga baya na auri wani direban babbar mota a Malbaza, mai ɗaukar siminti yana kaiwa arewa. Ni na ce ina so, ba wanda ya tura ni. Dogo ne, mai dariya da ƙarfi, in ya dawo daga hanya yakan kawo mini dabino da cuku. Hannunsa dai yana da sauri, wannan na san shi tun shekarar farko.

Gida ɗaya muke da uwarsa, wadda nake kira Inna. A unguwar nan kaf an san Inna da abu guda: iya rabo. In mata suka yi watandar akuya, ita ake kira ta kasa naman. In tsohuwa ta rasu, malamai sun gama lissafinsu, ita ke zama tsakar gida da faifai tana raba kwanoni da zannuwa da ƴan kunne tsakanin magada. Ba ta taɓa shiga makaranta ba, amma ta zauna wajen rabon gado har ta haddace, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta cuce shi ba. Tana alfahari da wannan fiye da yadda take alfahari da ɗanta.

Cikina na biyu ne. Ɗan fari ya rasu yana da wata takwas, da zawo da farin baki, aka ce haƙori ne. Wannan karon ina wata huɗu na je awo, ungozomar gidan likita, wadda muke kira madam, ta ɗibi jinina a yatsa. Da ta gama ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ni, ta gaya mini ina ɗauke da cutar sida, wato ƙanjamau. Ban yi kuka ba. Na dai tambaye ta ko abin da ke cikina ma ya kamu.

Ta ce wannan yana hannun Allah, amma akwai abin da ke hannuna. Ta ba ni roba mai ƙwaya talatin. Ɗaya kullum, lokaci guda, ba tsallake, ba a ba kowa ko da uwar da ta haife ni ce. Ta ce in na riƙe shi haka cutar za ta kwanta a jinina har awo ya kasa ganin ta, jaririn kuma ya fito lafiya da yardar Allah. Ta leƙa bakina, ta ga alamar farar ƙasar da nake ci, ta ce in bar ta, don tana riƙe maganin a ciki ya ƙi aiki. Muka zaɓi bayan sallar magariba, don ko azumi ya zo ba abin da zai canza. Ƙarshe ta ce in kawo maigidana a auna shi.

Wawta ta sa na gaya masa a ranar. Yana zaune bakin gado yana cire takalmi, na durƙusa na faɗa masa yadda aka faɗa mini. Ban ga tashin hannun ba. Na dai tsinci kaina a ƙasa, kunnena yana ƙara, wani ruwa mai ɗumi yana bin wuyana. Ya ce ni na kwaso, in je in tambayi ƴan garinmu. Mu biyun mun san wanda ke kwana a tashoshi tsakaninmu. Ya rame a shekarar, yana tari, ƙuraje sun fito masa a baya, amma ya rantse ba zai taka gidan likita ba. Ƙofar ɗakin da ake ba da maganin tana kallon hanya, direbobi kuma nan suke wucewa.

Wata guda na sha maganina daidai. Jiri na kwanakin farko ya wuce, abinci ya fara yi mini daɗi, kumatuna suka ciko. Shi kuwa kullum sai ƙara zubewa yake. Yana kallona ina cika kwano da tuwo, ina ganin abin da ke cikin idonsa. Kusa da ƙarshen watan na ƙirga ƙwayoyina na ga babu huɗu. Na canza maɓoya, na tura robar cikin kwano na ƙasa a jeren kwanonin aurena.

Ran da na karɓo roba ta biyu yana gida. Da hantsi ne, ko mayafi ban cire ba ya ce in ba shi. Na ce nawa ne, nasa yana can yana jiran sa, kyauta, ya je kawai a auna shi. Ya tashi ya tura jeren kwanonin da ƙafa, suka zube da ƙarar da ta tashi awakin maƙwabta. Ya kama wuyan rigata ya ja ni waje, ina tirjewa, gwiwoyina suna gogar ƙasa. Ya murɗe mini hannu ta baya har na saki. Da muke kokawa murfin ya buɗe, ƙwayoyin suka watse tsakar gida, kaji suka yo kansu. Na faɗa a kansu da rarrafe ina kora ina tsinta, shi kuma yana shuri na a haƙarƙari. Ban kare fuskata ba, cikin na rungume da hannu ɗaya.

Inna ce ta raba mu da sandar tuƙa tuwo. Ta buga masa ɗaya a kafaɗa, ta ce ya zauna. Ta ɗauko faifai, ta sunkuya tana tsince ƙwayoyin ɗaya-ɗaya tana hure musu ƙasa. Ashirin da bakwai ta samu, sauran kaji sun haɗiye ko mun tattake. Ba ta tambayi ko maganin mene ne ba. Na gane ta daɗe da sani, tun ran marin, bangon ɗakinmu ba shi da kauri.

Ta zauna kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta yi bismilla, ta fara turawa da ɗan yatsa. Biyu gefen dama, ɗaya gefen hagu. Biyu dama, ɗaya hagu.

Ta ce, "Ga naka, goma sha takwas. Ke ga naki, tara. Namiji kashi biyu, macce kashi guda. Kowa shi ɗauki nashi, in bar jin hwaɗa gidan ga."

Na ce, "Inna, gadon wa aka rabo? Wa yam mutu?"

Ta ɗago ta dube ni. "Ba wanda yam mutu, ɗiyata. Don kar a mutu nika rabawa."

Na gaya mata abin da madam ta ce, cewa ba a raba shi, cewa na cikin nan da shi yake rayuwa. Ta ce ɗan da ke ciki nata ne, wanda ke zaune gabanta yana tari shi ma nata ne, ba za ta kashe babba don ƙarami ba. Da zuciya ɗaya ta yi. Ba malamin da ya ce mata ana yin haka da magani, ita ta ɗauki ma'aunin da ta sani ta aza a inda ba wurinsa ba. Ni kuma an tashe ni a kan cewa hukuncin uwar miji ba a tsallake shi. Na ɗauki tara na, haƙarƙarina yana zogi, na shiga ɗaki ina tattara kwanonin da suka lotse.

Ƙwaya tara, kwana talatin. Na zauna da wuƙar yankan albasa ina tsaga kowace gida uku, don dai a ce kullum na sa wani abu a baki bayan magariba. Rabi yana marmashewa, ina lashe garin a tafin hannu. Wata na gaba na karɓo sabuwar roba, na miƙa wa Inna da hannuna, ta kasa ashirin da goma. Madam ta tambaye ni ko ina sha kullum, na ce ina sha. Sau biyu na dubi idon matar nan na yi mata ƙarya. Har yau in na tuna kunya nake ji, da haushin kaina da ya fi na kowa.

Jini ne ya tona ni. Ina wata bakwai aka ɗibi jini a hannuna aka aika, da takardar ta dawo madam ta ajiye ta gabana ta buga tebur. Ta ce cutar tana nan tsaye kamar ban taɓa shan komai ba. Ko dai ba na sha, ko wani na sha mini. Ta ɗaga rigata za ta auna ciki, ta ga shatin takalmi a gefena. Nan na fashe, na zayyana mata komai har da faifan.

Ban taɓa ganin mace ta fusata haka ba. Ta ce rabon nan bai warkar da kowa ba, ni ban samu ba shi bai samu ba. Guntun magani koya wa cutar yake yi yadda za ta guje masa, ran da aka dawo da cikakke yana iya ƙin ci. Ta ce sauran wata biyu, kowace rana ɗaya tana da daraja a wajen jaririn. Ta so ta aika a kira jandarma su kama shi, na roƙe ta don Allah ta bari. Sai ta ce to robar kar ta sake shiga gidan.

Akwai wata Bafillata mai kawo nono unguwarmu kullum da la'asar. Mun sha haɗuwa a bencin ƙofar nan mai kallon hanya, muna gaisawa, ba wadda ta taɓa tambayar ƴar'uwarta me ya kawo ta. A ranar na tare ta na gaya mata. Ta karɓi robar, ta ɗaura mata jan zare don kar ta haɗu da tata, ta tafi da ita ruga. Daga ranar kullum sai ta sauke ƙwarya a ƙofarmu, ta zuba mini nono, ta miƙo da ƙwaya ɗaya naɗe cikin takarda a ƙarƙashin kwanon. In ƙulle a kallabi har a kira magariba. Ruwa ko rana, ba ta taɓa fashi ba. Ran da ɗanta ya yi zazzaɓi ma ta zo, babu nono a ƙwaryar, ta ce ta zo gaisuwa.

Kwana goma sha biyu maigidana yana hanya. Ya dawo da safe, na ga yadda yake dafa bango kafin ya shigo. Ina tsakar gida ina surfen gero. Ya ce ina robar wannan wata. Na ce babu. Ya sake tambaya, na ce babu, kuma ba za a sake samu ba, in yana so ya san hanya.

Ya koma zaure ya dawo da igiyar ɗaure tamfol, ya ninka ta biyu. Ta farko a baya ta sauka, na ji kamar an zuba mini garwashi. Ta biyu ta naɗe wuyana ta tsaga mini leɓe. Inna ta fito da gudu, ya ture ta ta faɗi zaune kan murhu, Allah ya sa ba wuta. Na juya masa baya ina kare ciki, yana zubawa yana haki yana cewa sai na fito da ita. Sai ya bar bayan. Ya zagayo gabana, ya ja da baya, ya ɗaga ƙafa yana auna cikin.

Taɓarya tana hannuna, ban sake ta ba tun farko. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ɗaga ta da hannu biyu yadda nake ɗaga wa gero na sauke masa a gefen kai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ya faɗi. Mutumin da ke ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa ya zube ba nauyi, kamar buhun da aka zazzage. Rigarsa ta yaye, na ga haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa. Jini yana tsartuwa daga goshinsa yana shiga ƙasa. Inna ta rarrafo za ta toshe da tafin hannu, ga tsagar wuƙa a yatsanta, na daka mata tsawa kar jininsa ya shige ta, abin da ban taɓa yi ba. Na cire kallabina na ninka na danne wurin da kaina. Ina dannewa ina zagin sa, ina kuka, ina roƙon Allah kar ya mutu a hannuna.

A amalanken jaki maƙwabta suka kai shi gidan likita, ta hanyar da direbobi ke wucewa, rana tsaka, kowa yana kallo. Inna ta ce wa majo, babban ma'aikacin wurin, daga kan mota ya faɗo. Majo ya dubi leɓena, ya dubi wuyana, ya yi ɗinkinsa. Da ya farfaɗo majo ya leƙa bakinsa, ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye shi ko ya yarda a auna jininsa. Ya ɗaga kai alamar ya yarda. Ƙarfin musu ya ƙare masa. A ranar aka ba shi robarsa da sunansa a jiki, aka haɗa masa da maganin tarin fuka. Wata uku ina roƙo da baki ban kai shi ƙofar nan ba, taɓarya ta kai shi.

Bai sake ɗaga mini hannu ba, bai kuma sake hawa mota ba. Bai ce in yafe masa ba. Sau ɗaya dai ina ba shi kunu ya kai yatsa ya taɓa kunnen da ya kashe, ya kawar da kai. Na tsane shi a lokacin, ina kuma wanke masa jiki ina jin tausayinsa, duka biyun a cikina suke ba wanda ya kori wani.

Na haifi ɗiya mace a gidan likita. Aka ba ni maganin ruwa ina ɗiga mata kullum, ni ma ban sake tsallake ko rana ɗaya ba. Ubanta ya riƙe ta ran suna. Da ta yi sati shida aka tsaga diddigenta aka ɗiga jini a takarda aka aika. Makonni muna jira. Ran da sakamakon ya zo madam ta sake rufe ƙofa, ta sake jawo kujerar nan kusa da ni, tun kafin ta buɗe baki na sani.

Ta ce, "Tana da shi. Za mu fara mata magani yau, kuma za ta rayu in kin riƙe."

Na tambaye ta ko watanni biyun nan ne. Ta ce ba mai iya nuna ranar sai Allah. Ta faɗi gaskiya, amma ni na san abin da na sani.

Shi uban ya rasu yarinyar tana da wata uku. Majo ya ce ya zo a makare, jikin ya riga ya ci. Na yi takaba a ɗakin da aka kashe mini kunne. Bayan sadakar arba'in malamai suka zo suka yi lissafin abin da ya bari, ba yawa. Mai motar da yake tuƙawa ya aiko da akwatinsa na ƙarfe da ke zama bayan kujerar direba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kira Inna ta kasa kayan kamar yadda ta saba yi wa kowa.

Ta buɗe akwatin tana fitarwa. Riguna biyu, tocila, butar shayi, bargo. Can ƙasa ta ciro wani ƙullin leda baƙa. Ta kwance da haƙori ta juye a faifai. Ƙwayoyina ne. Zafin mota ya sa sun canza launi, wasu sun manne da juna.

Ba wanda ya gane sai ni da ita. Ta sa yatsan nan nata ta fara ƙirgawa, leɓenta yana motsi. Talatin da ɗaya. Cikin talatin da takwas da ta kasa masa, bakwai ya sha. Ashe sai ran da ya ji zazzaɓi yake jefa ɗaya, kamar maganin ciwon kai, sauran yana ajiya. Duk ranakun da nake lasar gari a tafin hannu, rabon ɗiyata yana kwance cikin akwati yana yawo tsakanin Malbaza da Agadas.

Jaririyar tana bayana tana barci. Inna ta dubi faifan, ta dubi goyon. Ta turo faifan gaba ɗaya gabana da hannu biyu.

Ta ce, "Naki na, ɗiyata. Duka naki na."

Na ce, "Sun lalace, Inna. Ba su yi ma kowa komi yanzu."

Na so in faɗi fiye da haka. Maganganun suna bakina, na daɗe ina tara su. Sai na ga ta ɗaga hannun da ta yi ƙirga da shi ta mari fuskarta, ta sake, ta sake, har mata suka riƙe ta. Na kwashe ƙwayoyin na mayar cikin ledar, washegari na kai wa madam ta zubar yadda suke zubarwa.

Yarinyar tana aji biyu yanzu, ga surutu ga tsalle, ba mai kallon ta ya ce tana da wani abu. Ban koma Badagishiri ba, muna nan gidan da Inna. Mai nono tana zuwa har yau, nono kawai take kawowa. Mata sun yi ta aiko wa Inna ta zo rabon watanda ko kayan mamaci, tana cewa idonta ya mutu, su nemi wata, har suka gaji suka bari. Amma kullum ana sallame magariba ita ke tashi ta ɗauko robar jikarta daga ƙarƙashin matashinta. Ta zazzago a tafi, ta duba da kyau, ta sa wa yarinyar a baki, ta ce ta buɗe ta gani ko ta haɗiye. A duhun magaribar nan ba ta taɓa kuskuren ko ɗaya ba.